Kabarin Mama Kuve

Lamorde, Mubi
2 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga Dorcas, ƙanwar maigidana marigayi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Jos, yaya 'yan makarantarki? Ina fata ƙafar nan taki ta daina kumburi. Mu nan lafiya, sai godiya. Ruwa ya yi mana kyau bana, gyaɗar da muka shuka a gonar Betso ta yi 'ya'ya.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Shekara uku ke nan da na shiga ajin karatu na zumuntar mata, gudun Boko Haram ya cinye ɗaya. Na zaɓi takarda ne saboda in na yi waya, ɗana Tizhe yana jin komai ta bango. Kalibu direba zai kawo miki ita hannu da hannu.

Kin tambayi jikin Tizhe. Yana cin abinci. Yana wanka in na ce ya yi. Magana ce dai babu, daga i sai a'a. Mutum mai shekara ashirin da huɗu, wanda a da ba a ganinsa a gida sai da baƙin mai a hannu, yanzu yana wuni a bayan ɗaki yana kallon katanga. Tun bikin Ista bai fita ƙofar gida ba. In maƙwabta sun tambaya, nakan ce taifot ne.

Na ji saƙonki cewa kina so ki zo a zuba siminti a kabarin Mama tunda shekara biyu ta kusa cika. Tunani ne mai kyau, 'ya ta gari ce ke yin sa. Amma ki dakata tukuna. Ciyawa a can ta fi mutum tsawo, sojoji kuma ba sa son ganin mutane a hanyar dutse. Bari rani ya shigo sosai.

Wani labari kuma. Za a yi taro a filin firamarenmu ranar 26 ga Nuwamba. Mutanen coci da na masallaci ne suka haɗa kai da ma'aikatan lafiya. Za a ware aji ɗaya domin waɗanda abin da suka gani lokacin gudu bai sake su ba, su zauna da masu sauraro. A waje masu sana'a za su ɗauki matasa koyon aiki, walda da ɗinki da gyaran famfon burtsatse. Sai girki, kowace ƙabila ta dafa abincin gidansu kowa ya ci na kowa. Matanmu na Kamwe suka ce ni zan yi mana miyar dargaza da tuwon jar dawa, wai ni na gaji hannun Mama Kuve. Na ce ina ciwon baya. Ba wanda ya ji ni.

Ki gai da maigida da yara.

Taki,
Rut, Maman Tizhe


Jos
13 ga Oktoba, 2016

Maman Tizhe,

Na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi, likita ya ce in rage tsayuwa, kamar akwai malamar da ke koyarwa a kwance.

Rubutunki ya fi na wasu 'yan aji shida da nake fama da su. Sai dai kina danna biro kamar mai shuka gyaɗa, ya huda takardar wuri biyu. Ki sassauta masa, ba gudu zai yi ba.

Yanzu maganar Tizhe. Taifot na shekara biyu ban taɓa jin sa ba, ke ma ba ki taɓa ji ba. Yaron nan kakarsa ta cika a gabansa, shi ya haƙa mata rami a kan dutse, kamar yadda kika gaya mini. Wa zai ga haka ya dawo daidai? Ba abin kunya ba ne. Ki kai shi taron nan. Ya shiga ajin masu sauraro, ya kuma sa sunansa wurin masu sana'a. Hannun da ya saba da sifana, in aka bar shi a kan gwiwa, lalacewa yake yi.

Ki yi miyar. Ba wanda ya iya dargaza irin ta Mama sai ke, ni da ta haifa ma takan ce tawa ruwan wanki ce.

Amma maganar ciyawa ban karɓa ba. Yaushe ciyawa ta hana 'yar Kamwe zuwa wurin uwarta? Da lauje a hannu muka tashi. Za a ba mu hutu 16 ga Disamba, washegari ina hanya.

Abu ɗaya kuma nake roƙo. Duk lokacin da na tambaye ki a waya sai layi ya yanke, ko ki ce tukunya na kan wuta. Tunda yanzu kin iya biro, ki rubuta mini abin da Mama ta ce a ƙarshe. Ko kalma ɗaya ce ina so.

Ƙanwarki,
Dorcas


Lamorde, Mubi
30 ga Oktoba, 2016

Dorcas,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, biyu a hankali, ɗaya da sauri. Muna lafiya. Mun fara cire gyaɗa.

Ranar Talata wata mata ta zo gida, Malama Ummusalma, ma'aikaciyar lafiya ce, tana cikin masu sauraron da za su zauna a taron. Gida gida suke bi. Na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar zaure don kada ta ga bayan ɗaki.

Ta ce, "Maman Tizhe, Malam Murtala mai gyaran famfo yana neman mutum biyu. Shi ya ambaci ɗanki da bakinsa, ya ce ya san hannunsa tun yana gareji."

Na ce, "Ai ba shi da lafiya, taifot ne."

Ta dube ni ta ce, "Irin wannan taifot ɗin ni ma na yi shi. Wata shida in murfin tukunya ya faɗi sai in tsinci kaina a ƙarƙashin gado, yarana suna leƙo ni."

Ta yi dariya, ni na kasa. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, wanda ke son aikin ya zo da ƙafarsa, ya fara zama a ajin ko na ɗan lokaci ne, domin sun ga yaran da aka ba aiki suka watsar cikin mako guda saboda abin da ke cikin ransu. Ta ba ni takardar cikewa. Da ta tafi na sa ta cikin Littafi Mai Tsarki na rufe. Har yau ban nuna masa ba. Na san za ki yi fushi.

Jiya na ce bari in gwada miyar, tunda rabona da ita tun kafin gudu. Na jiƙa ɓawon dargaza, na dafa wake, na gyara busasshen kifi. Na ɗauko kanwar kasuwa zan jefa, sai na ji muryar Tizhe a bayana.

"Kaka ba ta sa kanwa."

Dorcas, kanwar faɗuwa ta yi daga hannuna. Na ce, "To, ina zan samu ruwan toka yanzu?" Ya je ya kwaso karan masara, ya ƙone shi a tsakar gida, ya tara tokar a tsohuwar ƙwaryar nan mai huji, ya shimfiɗa ciyawa a ƙasanta, ya zuba ruwa, ya sa kwano yana tarar ɗigon. Ya ɗanɗana da yatsa, ya zubar da na farko ya sake. Haka Mama take yi, har yadda take karkata kai. Ya tsuguna a wurin har kwanon ya cika. Ya ci tuwo malmala biyu. Ni ban iya haɗiye ko loma ɗaya ba.

Kin ce in rubuta abin da Mama ta ce. Ta kira sunana. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Ina sake roƙonki ki bar zuwan nan sai wani lokaci. Ba don komai ba.

Rut


Jos
8 ga Nuwamba, 2016

Maman Tizhe,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita ba.

Sau biyu ke nan kina ce mini kada in zo, kina kuma cewa ba don komai ba. Na zauna na yi ta juya maganar. In kin ba wani aron gonar Mama ne ba tare da kin gaya mini ba, ki faɗa, ba zan kai ki gaban dattawa ba, ke kike noma ta. In kuma kunyarki ita ce kun binne ta ba akwati, ba farin ƙyalle, ba fasto, to wa ya samu waɗannan a watan gudun nan? Mutane nawa aka rufe da ganye? Ni dai a nuna mini wurin, ko tarin duwatsu ne, in durƙusa.

Amma ɓoye wa yaro takardar aikinsa a cikin Littafin Allah, wannan ban gane ki ba. Ke da kika sayar da akuyarki ta ƙarshe don ya shiga gareji. Me kike tsoro zai faɗa a cikin ajin nan?

Ki ba ni amsa kafin taron.

Dorcas


Lamorde, Mubi
29 ga Nuwamba, 2016

Dorcas,

Na gaishe ki. Ban ba ki amsa kafin taro ba. Na fara takarda huɗu, duka na sa su a murhu. Wannan zan gama ta. Ki zauna kafin ki karanta, ki kuma karanta ke kaɗai.

An yi taron ranar Asabar. Ban ce wa Tizhe ya zo ba. Na fito da babbar tukunya ina neman mai ɗora mini, sai kawai ya ɗauka ya yi gaba. Na bi shi ina addu'a ya ajiye a bakin fili ya koma. Bai koma ba. Ya tsaya a bayana yana gyara wuta.

Fili ya cika. An jera murhu a ƙarƙashin bishiyoyi. Fulani sun kawo dakkere da kindirmo, matan Gude sun yi miyar riɗi, Hausawa suna suyar masa, kunun gyaɗa kuwa kowa ya dama nasa ana gardamar na wa ya fi. Na'imatu mai masa ta ɗebi miyata, ta ɗaga cokali sama yauƙin bai tsinke ba, ta ce, "Maman Tizhe, wannan miya taku in mutum ya ɗiba a Mubi sai ta bi shi har Yola." Na ce ita ma masarta in ta kwana ana iya jifan kare da ita. Muka yi dariya. Na ɗauka ranar za ta wuce haka.

Sai mai gabatarwa ya fara bi tukunya tukunya da abin magana a hannu. Kowace mace zai tambaye ta, hannun wa ne wannan, tana ina yanzu? Wata ta ce uwarta, tana Kamaru har yau. Wata ta ce yayarta, an harbe ta a ƙofar gida, ta yi kuka, mata suka riƙe ta. Da ya iso kaina na ce hannun surukata ce, Kuve ta Betso. Ya ce tana ina? Na ce ta rasu a hannunmu a hanyar gudu, muka binne ta, muka yi mata addu'a.

Lasifika ta ɗauki maganar ta kai ta har bakin titi. Na faɗa miki ita, na faɗa wa fasto, na faɗa wa kowa, amma ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba.

Tizhe ya ajiye itacen da ke hannunsa. Ya ratsa ta cikin mutane, ya shiga ajin masu sauraro, aka rufe ƙofa. Ni kuwa ina tsaye ina zuba wa mutane miya, suna cewa Allah ya ji ƙan mai hannun, ina cewa amin. Sai da tukunya ta kusa ƙarewa ya fito, Malama Ummusalma tana biye da shi. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Mama, na faɗa. Na ce musu ni na ajiye ta."

Ko a can ma ni ya rufa wa asiri, Dorcas. Shekara biyu yana zaune a bayan ɗaki da kayana a kansa, ni ina cewa taifot. Na ce masa a gaban matar nan, "Ba kai ba ne. Ni na ce." Malama ta ce, "Wannan maganar ba ni ce mai ita ba. Tsohuwar tana da 'ya?"

Ga maganar.

Ranar Laraban da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi mun fita da kayan jikinmu kawai. Mama ba ta iya tafiya, kin sani. Tizhe ya goya ta da zanena, muka bi hanyar duwatsu da ke fita Kamaru. Ya ɗauke ta wunin ranar, ya ɗauke ta rabin washegari. Takalminsa ya tsinke, tafin ƙafarsa ya tsage yana barin jini a kan dutse. Muka tsaya a gindin wata tsamiya kusa da busasshen rafi. Sai muka ji babura da harbi a bayanmu, mutane suna wuce mu da gudu suna cewa samari ake nema.

Na ce, "Tizhe, sauke ta." Ya ce a'a. Na sake faɗa, ya ce a'a. Na mare shi. Ban taɓa marinsa ba tun yana yaro. Ya sauke ta, muka jingina ta da tsamiyar.

Mama ba ta ce mu tafi ba. Kada wani ya gaya miki haka don ya sanyaya miki rai. Ta riƙe bakin zanena ta ce, "Rut, za ku dawo?" Na ce, "Yanzun nan, Mama, ruwa za mu ɗebo." Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta ce a ƙarshe ke nan, wanda kika tambaya.

Da rai muka bar ta. Bayan mako bakwai muka dawo. Kwana uku muna nema, mun bi rafin sama da ƙasa, mun tambayi makiyaya da mutanen ƙauyen da ke kusa. Babu ƙashi, babu ƙyalle. Ban san ko a can ta mutu ba, ko wasu masu gudu sun ɗauke ta. Da kika kira ni a waya kina kuka kika ce, "Kun dai binne ta?" sai na ji bakina ya ce i. Daga nan ban san hanyar komawa ba.

Babu kabari, Dorcas. Babu inda za a zuba siminti.

Ba na neman ki yafe mini. Abin da nake roƙo, in za ki ɗora fushinki, ki ɗora a kaina ni kaɗai.

Rut


Lamorde, Mubi
9 ga Disamba, 2016

Dorcas,

Ina gaisuwa. Kalibu ya ce ya ba ki takardar a hannu a ƙofar makaranta. Na tambaye shi yadda fuskarki take, ya ce shi direba ne, ba mai duba ba. Sau biyu motarsa ta dawo ba komai. Na kira wayarki sau ɗaya, da ta fara ƙara na kashe.

Tizhe ya fara bin Malam Murtala tun Litinin. Sun gyara famfo biyu a Mayo Bani. Yana zuwa wurin Malama Ummusalma kowace Alhamis, ni ma ta sa ni ina zuwa ranar mata. Ba warkewa ya yi ba, jiya ya dawo da rana ya shige bayan ɗaki, amma yau ya sake fita. Kullum in ya dawo tambayarsa ɗaya ce, "Anti ta rubuto?" In na ce a'a sai ya wanke hannu ya bar abincin.

In ba za ki sake yi mini magana ba, na karɓa. Amma ki aiko masa da layi ɗaya.

Rut


Jos
13 ga Disamba, 2016

Rut,

Na karanta duka biyun. Ta farkon na karanta ta a ofishin malamai, ban bi shawararki ba, sai da aka riƙo ni aka kai ni gida.

Zan gaya miki gaskiya tunda kin fara ta. Maganar tsamiya ba ita ta hana ni rubutu ba. Na rufe ido na sa kaina a wurin, da ɗana a gefe da babura a baya, ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na sani ba. Abin da ke cina shi ne shekara biyun. Da kin ce mini da rai kuka bar ta, da na bi sansanonin Kamaru ɗaya bayan ɗaya da hotonta a hannu tun labari yana da zafi. Wataƙila in samu wanda ya gan ta, wataƙila in samu inda aka rufe ta. Ina nan ina zaɓen ayar da za a rubuta a kan siminti. Wannan kika ɗauke mini, kuma ba ya dawowa. Na rubuta wa fastoci biyu a can duk da haka. Ban sa rai ba.

Ki ba Tizhe ya karanta wannan da kansa. Tizhe, ɗan yayana, ka goya uwata kwana ɗaya da rabi a kan dutse ba takalmi. Ni da ta haifa ban ɗauke ta ko taki ɗaya ba. Ba ka da abin da za ka amsa a gabana. Ka ci abincinka, ka je aikinka.

Ina zuwa ranar Asabar kamar yadda na ce. Ranar Litinin za mu je wurin tsamiyar. Tizhe ba zai bi mu ba, yana da aiki ranar, kuma ya isa haka. Ke za ki shige gaba ki nuna mini hanya, ki nuna mini gefen da kika jingina ta.

Ban yafe ba tukuna. Ban kuma ce ba zan yafe ba. Ƙafata ba ta da sauri, za mu daɗe a hanya mu biyu. Ki ɗebo mana ruwa.

Dorcas